Tafiyar Zariya da Ɗan Yaya Tabawa

Da sunan Allah nake farawa. Malamarmu ta ajin yaƙi da jahilci ta ce kowace ta rubuta labarin wata tafiya da ta yi, a karanta wa 'yan aji. Ni tafiye-tafiyena ba su da yawa, daga biki sai gaisuwar mutuwa. Wannan ce kaɗai wadda na yi da nufin kaina.

Wanda tafiyar ta shafa ɗana ne na fari. Ba zan rubuta sunansa ba, kun san dalili. Tun da aka yaye shi Malam, maigidana, ya bai wa yayarsa, Yaya Tabawa, da ke zaune a wani ƙauye bayan Kura inda ake noman rani. Can ya girma, can yake noman shinkafa da tumatir. A gida ɗan Yaya muke ce masa.

Da ƙaramar sallah ya zo gaisuwa a rame, ciki ya fito, ya yi aman jini a zaure gaban ɗaliban Malam. Mai kemis na unguwa ya latsa cikinsa ya ce hanta ce, kuma shi irin wannan a wajen mashaya ya san ta. Yaron kuwa yakan bi motar tumatir zuwa kudu, inda giya ba ta ɓuya. Kafin magariba magana ta zaga unguwarmu, Madabo. Malam ya ce kada ya ƙara taka masa zaure. Ina bayan labule ina ji, amma uwa ba ta shiga maganar ɗan fari. Ya koma ƙauye. Da Yaya ta aiko cewa jikinsa ya ƙi, sai na sami Malam.

"Malam, ina so in je in duba Yaya."

"Yaya ce ba lafiya?"

"Gidanta ne ba lafiya."

Bai ɗago daga littafinsa ba. Ya ce, "Allah ya kiyaye hanya."

Litinin: Madabo zuwa ƙauyen Yaya

Ana sallame asuba na fito, gari bai gama wayewa ba, masu ƙosai suna hura wuta. Na taka zuwa bakin titi na hau a-daidaita-sahu, muka fita ta Ƙofar Nassarawa zuwa tashar Unguwa Uku. Motar Kura ba ta daɗe ba ta cika. An sa ni baya tsakanin wata mai goyo da buhun taki.

Daga Kura sai babur. Hanyar tana bin gefen babbar magudanar ruwan noman rani, hagu da dama kore shar kamar damina, ga shi ana tsakiyar zafi. Mata na wanki a bakin ruwa, yara na ta faɗawa ciki suna ihu. Na ce wa mai babur, "Ku kam kun ji daɗi, mu a birni sai mun jira 'yan garuwa." Ya ce, "Hajiya, ruwan nan shi ne uwarmu shi ne ubanmu."

Na tarar da Yaya tana tankaɗe. Shekara kusan talatin da aurena, har yau Amarya take ce mini.

"Amarya, ke ce da kanki? Ƙanen nawa ya sake ki ne?"

"Gaishe ki na zo yi, Yaya."

"To ni ga ni ƙalau. Marar lafiyar yana ɗaki, in kin ga dama ki leƙa bisa kuskure."

Na leƙa. Yana kwance a tabarma, hannuwa kamar sillen kara, ciki kamar tulu. Ya yunƙura zai durƙusa, na ce ya kwanta. Na tsaya ina kallon bango, shi yana kallon ƙasa. Iyakar gaisuwarmu ke nan.

Yaya ta ce a ƙaramin asibitin yankin an ƙara masa ruwa, aka ce a kai shi babban asibiti. Kano ta fi kusa, amma shi ya rantse ba zai shiga garin da ubansa ya kore shi ba. Akwai 'yar maƙwabciyarta da ke aikin nas a Zariya, don haka muka tsayar da Zariya.

Talata: hanyar Zariya

Da sassafe aka samo mana motar wani mai kai kayan gwari, ya sauke mu a bakin babban titi, muka tsayar da ƙaramar mota. Direban ya dubi yaron ya ce wa na gaba, "Malam, koma baya, ka ga larura." Mutumin ya koma ba musu. Allah ya saka musu su biyun.

Kusa da Kwanar Dangora muka tarar da shinge. Ɗan sanda ya leƙo ya ga cikin yaron.

"Mama, me ke damunsa?"

Yaya ta ce, "Da mun sani ai da muna gida, ɗan nan."

Ya yi dariya ya ɗaga mana hannu.

A Tashar Yari direba ya tsaya shan mai. Yaya ta sauka neman bayi, na sayo wa yaron koko a leda. Mu biyu muka rage a motar. Ya riƙe kokon bai sha ba. Can ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Umma, wallahi ban taɓa kai abin nan bakina ba."

Na ce, "Sha kokonka kada ya huce."

Abin da bakina ya iya ke nan. Gaskiya kuma a lokacin ban san abin da zan gaskata ba. Ban raine shi ba, ban san abokansa ba. Addu'a kawai nake yi a zuci.

Mun shiga Zariya kafin azahar. Nas ɗin ta sauke mu a gidan yayarta a Samaru, ɗaki guda da tabarmi biyu, aka kawo mana tuwon masara miyar kuka. Shi kuwa a ranar aka ba shi gado, aka ɗebi jini da bahaya.

Laraba: wajen likita

Da hantsi aka shiga da shi ɗakin hoton ciki, aka shafa masa wani mai sanyi ana goga na'ura. Bayan an mayar da shi gado likita ta kira mu. Yarinya ce, ba za ta wuce sa'ar 'yata ta biyu ba. Ta dube ni ta ce, "Hajiya, ke ce mahaifiyarsa?"

Na sunkuyar da kai. Yaya ta ce, "Ni ce uwarsa. Wannan haihuwarsa kawai ta yi."

Likita ta yi murmushi. "Na gane. Ni ma 'yar fari ce. To Inna, yana yaro yana shiga ruwa?"

"Shiga ruwa? Ai kifi na raina. Da bulala nake fito da shi. Yanzu kuma wuni yake cikin shinkafa, ruwa har gwiwa."

Sai ta yi mana bayani a hankali, ni kuma ina rubuta shi yadda na fahimta. Ta ce a irin wannan ruwa akwai ƙananan katantanwa da ke sakin wata tsutsa wadda ido ba ya gani. Ta fata take shiga, ba sai an sha ba. 'Yar'uwar tsargiya ce mai sa fitsarin jini, sai dai wannan jijiyoyin hanji take zama, ta yi shekaru tana ƙwai. Jini yana kwasar ƙwan zuwa hanta, su maƙale a ƙananan hanyoyi.

Na ce, "To likita, tsutsar ce ke cin hantar?"

Ta ce, "A'a. Tsutsar ba ta ko taɓa ta ba. A jinin kowa akwai fararen ƙwayoyi, su ne masu gadin jiki. Da sun ga ƙwai sai su taru su kewaye shi, su kira wasu su gina masa katanga. Ƙwai ɗaya, katanga ɗaya. In ƙwan ya mutu, katangar ta zama tabo. Shekara da shekaru ana haka, tabo kan tabo, har hanyar jini ta tsuke. Jini ya rasa wajen wucewa, ya koma baya ya kumbura saifa, ya cika jijiyoyin maƙogwaro. Ɗaya daga cikinsu ce ta fashe ranar da ya yi aman jini."

Yaya ta riƙe haɓa. "Wato masu gadin ne suka ɓata gidan."

"Kada ki zage su, Inna. Ƙwan yana fitar da guba. Da ba su killace shi ba, da ya ƙona naman hantar tun da daɗewa. Sun cece shi ne, aikin ne ya yi yawa."

Nan na tuna lungunmu. Lokacin da aka kawo ni Madabo jaki da kaya yana wucewa ta ciki. Kowace damina wani ya ƙara dakali, wani ya ƙara kaurin gindin katanga don kada ruwa ya ci masa gini. Babu wanda ya yi da mugunta, kowa gidansa yake karewa. Yau in an yi ruwa mai ƙarfi ba shi da wajen bi, sai ya dawo ta ƙarƙashin ƙofa ya shigo mana tsakar gida. Na faɗa wa likita haka. Ta ce, "Hajiya, kin ba ni abin da zan riƙa faɗa wa mutanen birni."

Yaya ta ce ai duk yaran ƙauyen ruwa ɗaya suka shiga, me ya sa sai nata? Likita ta ce cikin masu gadin akwai masu zuga a yi ta gini, akwai masu cewa ya isa haka, akwai ma masu rushe tsohon tabo. A jikin wani masu cewa ya isa suna da ƙarfi, sai ya tsufa da tsutsar bai sani ba. A jikin wani kuwa muryarsu ba ta kai ba. Yawan shiga ruwan ma yana ƙarawa. Ta ce har yanzu masana suna binciken abin da ke bambanta mutum da mutum.

Yaya ta fita duba yaron. Na tashi zan bi ta, sai na koma na zauna.

"Likita, a unguwa ana cewa abin sha ne."

Ta ajiye biro. "Hajiya, ni ba na bin mutum in ga abin da yake sha. Abin da na gani zan faɗa miki. Hantar mashayi namanta ne ke lalacewa ya takure. Tasa naman da sauran lafiyarsa, hanyoyin jinin ne suka yi kauri. Wannan aikin ƙwan tsutsa ne, kuma mun ga ƙwan a bahayansa."

Na yi mata godiya. Na fita baranda na daɗe ina gyara ɗaurin mayafina.

Alhamis zuwa Asabar: jinya

An zura masa wani siririn bututu ta baki aka ɗaure jijiyoyin da suka kumbura. An ba shi manyan ƙwayoyi masu ɗaci na kashe tsutsar, da wasu ƙanana da zai riƙa sha kullum. Likita ba ta yi mana alkawarin ƙarya ba. Ta ce in ƙwai ya daina zuwa, wani tabon yakan ragu, wani ya zauna har abada. Dole ya daina shiga ruwan nan, kuma ya zauna kusa da babban asibiti don a riƙa dubawa. Kusa da babban asibiti kuwa, a wajenmu, Madabo ke nan. In Malam bai buɗe ƙofa ba, sai ƙauye, in ƙauye ne kuma sai ruwa, don ba shi da wata sana'a.

Lahadi: komawa Kano

Mun taso bayan karin kumallo. Yaron ya yi barci tun kafin mu bar gari. Na ce wa Yaya in mun isa ita za ta yi wa Malam magana, ita ce uwa, ita ce babba.

Ta ce, "Ni da na buɗe baki faɗa za mu yi, tun muna yara haka muke. Kuma zancen masu gadin nan rabinsa ya zube mini a hanya. Ke kika yi boko, Amarya. Yau dai ki ajiye kunyar nan, in an gama kya ɗauka."

Daga Chiromawa har Na'ibawa ina ta jera maganar a zuciyata tana rushewa.

Mun isa unguwa bayan azahar, rana tana ƙuna. Yaron ya tsaya a bakin lungu ya ce nan zai jira. Muka shiga ni da Yaya. Malam yana zaure shi kaɗai. Bayan gaisuwa na durƙusa, na faɗa masa komai, tun daga katantanwa har katanga. Ban taɓa yi masa magana mai tsawo haka a kan yaron nan ba. Na ƙare da abin da likita ta ce game da naman hantar.

Malam ya ce, "Tun yana yaro, kika ce?"

"Haka ta ce."

"A ruwan da ke bayan gidan Yaya."

Duk mun san wanda ya ɗauke shi ya kai can, kuma da kyakkyawar niyya ya kai shi.

Ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya daɗe yana gogewa. Sai ya juya wajen yayarsa, bai dube ni ba.

"Yaya, ki ce wa ɗanki ya shigo. Rana tana dukansa."

Yaya ta ce, "Ƙafata ciwo take. Kai ka kore shi."

Malam ya dube ta, ya dubi ƙofa. Ya laluba takalmansa ya fita.

Nan tafiyata ta ƙare. Ina godiya ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu, da likitar nan, da mutanen Samaru da suka ba mu ɗaki ba su san mu ba, da Malamarmu da ta koya mini riƙe biro. Wadda take da yaro a wajen noman rani, ta sa a duba shi tun ciki bai fito ba.