Malam Sabi'u da jemagun kukar Watari

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina cikin ban ruwa da safen nan aka kira ni a waya, wai Malam Sabi'u ya rasu.

Shi ya koyar da mu aikin gona a firamare. Bayan ya yi ritaya sai ya koma gadin tsohuwar kukar nan mai kogo ta bakin hanyar Watari, wadda jemagu suka cika.

Duk shekara mukan shiga kogon mu kwashi kashinsu, takin da babu irinsa a gonar albasa. Malam ba ya hana kowa. Amma sai ka wanke takalminka da buhunka a bokitin ruwan sabulu da yake ajiyewa a bakin kogon. Ya ce ya ji a rediyo akwai wata fumfuna da ke kashe jemagu a wasu ƙasashe, kuma mutane kan iya ɗauko ta a takalmi.

Dariya aka dinga yi masa, har da sa masa suna Malam Jemage. Ni ma na yi, Allah Ya yafe mini.

Shekarar da tsutsa ta cinye mini tumatir, shi ya zo da nasa irin shukar ya ba ni.

Ranar Juma'a na je duba shi. Da ƙyar yake magana. Ya riƙe hannuna ya ce, "Habu, jemagun sun haihu. 'Ya'yan ba su iya tashi ba tukuna. Kada ka bari a sa musu hayaƙi."

To ku ji abin da ya ƙona mini rai.

Muna dawowa daga maƙabarta, ƙasa ba ta bushe a hannunmu ba, na ga tsofaffin tayoyi huɗu a gindin kukar. Wani Alhaji da ya gina gida a kusa ne ya tara su don ya sa wa jemagun hayaƙi. A wurin zaman makoki, da kunnena na ji yana cewa, "Bayan sadakar uku sai mu huta da warin nan."

Haba Alhaji! Kai ka tarar da kukar nan ko ita ta tarar da kai? Ashe mutuwarsa kake jira? Kuma har da ɗora hotonsa a status ɗin wayarka kana rubuta babban rashi. Ba ka ji kunya ba?

Na kwashe tayoyin da kaina. Daga gobe ina gindin kukar, albasa ta jira. Duk wanda zai kunna wuta sai dai ya kunna ina zaune.

Allah Ya jiƙan Malam, Ya yalwata masa kabarinsa, Ya tausaya masa yadda ya tausaya wa abin da kowa ke ƙyama.

Don Allah duk wanda ya karanta ya sa shi a addu'a. Wanda kuma ya taɓa yi masa dariya irina, ya zo da tabarmarsa.