Hagun Mani Mai Inji

Mani mutumin Faskari ne, mai injin niƙa a bakin kasuwa. A shekarun da arzikin man fetur ya buɗe, makarantun firamare suka yawaita, sababbin malamai suka zo garin da raga da ƙwallo. Suka kafa sanduna a filin makaranta, kullum bayan la'asar sai ƙwallon raga. Mani bai taɓa zama a aji ba, amma dogo ne, ga dantse, sai suka jawo shi. Ba a jima ba bugunsa na buɗe wasa, wanda ake yi daga bayan layi, ya yi suna har garin Sabuwa.

Wata ranar kasuwa bel ɗin inji ya kama hannun rigarsa ya fizge shi. A motar auduga aka kai shi asibiti a Funtuwa. Ya dawo babu yatsu biyu a dama, wuyan hannun kuma ya ƙage.

Da ya warke ya koma fili. Malam Harisu, hedimastan da ke kula da wasan, ya tarbe shi da fara'a, ya miƙa masa usur, ya ce daga yau shi ne alƙalin wasa. Mani bai karɓa ba.

"Malam, hannu guda inji ya ci. Gudan yana nan."

Ya ari tsohuwar ƙwallo, ya ɗaura igiya daga rumbu zuwa darbejiyar tsakar gida. Abin ya ƙi. Yatsun da suka rage ba sa iya cilla ƙwallo sama daidai, hagun kuma in ya kai duka sai ta nufi inda ta ga dama. Ta fasa randa, ta watsa kaji, ta faɗa gidan maƙwabta. Goggo, ƙanwar mahaifinsa, ta zo takanas ta ce magidanci ba ya nuna wa jama'a hagu, ya rungumi ƙaddara. Ya durƙusa ya saurare ta har ta gama, ya raka ta ƙofa, ya dawo ya ɗauki ƙwallonsa.

Matarsa Safara'u ce ta gano matsalar, tana daka tana kallonsa.

"Ƙafarka ba ta san ka sauya hannu ba," in ji ta.

Ashe har yanzu ƙafar hagu yake sawa gaba, irin tsayuwarsa ta da. Ya gyara, ƙwallo ta fara tsallake igiya.

Bayan girbi malaman Ƙanƙara suka zo wasa. Malam Harisu ya so ya zaunar da shi, Mani ya shiga fili ya tsaya, aka rasa mai fitar da shi. Bugunsa na farko ya faɗa raga. 'Yan kallo suka bushe da dariya, wani ya kira shi bahagon dole. Bai waiwaya ba. Da layi ya sake zagayowa kansa, ya ɗora ƙwallo a tafin dama, ya ɗaga ta, ya sakar mata hagu. Ta tafi a karkace, ta sauka gefen da 'yan Ƙanƙara ba su saba jira ba. Ya maimaita, suka yi ta karo da juna.

Ƙanƙara ce ta ci wasan, da ƙyar. Ana watsewa Malam Harisu ya matso kusa da shi, ya yi gyaran murya, ya ce ran Asabar za su Sabuwa, mota za ta tashi bayan azahar, kada ya makara.