Ranar da Inna Ta Kira Sunana

Shekarun baya, mahaifiyata ta fara zuba gishiri sau biyu a miya, tana neman carbinta yana wuyanta. Ni ne ɗan fari, ni ke zaune da ita a Tudun Kaya da ke Karaye. Autanmu kuwa yana Rogo yana sayar da yadi, sai ya ga dama yake leƙowa.

Kun san kunyar ɗan fari. Tunda aka haife ni Inna ba ta taɓa kama sunana ba, daga "kai" sai "wancan." Auta kuwa sunansa kamar zuma a bakinta. Ga furfura a gemuna, amma wallahi abin yana ci min rai.

Muka kai ta asibiti a Kano aka ɗauki hoton ƙwaƙwalwarta. Likita ya nuna mana a allon kwamfuta, ya ce idan aka kwatanta da na sa'anninta, ƙwaƙwalwar ta riga shekarunta tsufa. Ba lallai ba ne, amma irin wannan kan kai ga cutar mantuwa, har mutum ya kasa gane 'ya'yansa.

Ya ce da Inna, "Baba, lissafo min 'ya'yanki."

Ta fara da auta, ta jero kowa, ta tsallake ni. Likita ya nuna ni. Ta ja mayafi ta kau da kai, ta ce, "Wannan ai ka gan shi."

Waɗanda ke wurin suka yi dariya. Ni kuwa a mota har Karaye lissafi ɗaya nake: sunan da ban taɓa ji daga bakinta ba, shi zai ɓace ban ji ba.

Damina biyu ta wuce, ciwon ya kama ta sosai, ya tafi da kunyar. Wata rana da hantsi ina gyara mata shimfiɗa, auta ya yi sallama da ledar lemo. Ta kama hannunsa na dama, ta kira shi da sunana tiryan-tiryan, ta ce, "Ɗana na fari, Allah ya yi maka albarka. Kai ne ba ka taɓa barina ba."

Ta juyo gare ni ta ce, "Malam, kawo wa ɗana ruwa."

Na kawo ɗin.

Inna ta rasu, Allah ya jiƙanta. Auta yakan ce, "Yaya, ai da ta yi addu'ar, sunanka ta kama." Na sani. Amma har yau idan na ga hannunsa na dama, sai na ji kishi ya taso min.