Mabiyiya a Tukunyar Pilau

Likita Sabohat ta tsufa a ɗakin ƙarshe na wani asibitin haihuwa a garin Margilan, can bayan wurin wanki, inda ba mai zuwa sai wanda ya yi ɓatan kai. Aikinta duba mabiyiya. Takan juya ta, ta yanki ɗan ƙanƙani ta sa a madubin likita, ta faɗi abin da ya sami cikin. Mijinta direban bas ne, kuma bai gaji da tsokanarta ba.

"Likitocin duniya na duba masu rai, tawa matar sai abin binnewa."

"Ci gurasarka," in ji ta, "abin binnewar ne ya saya."

Rigimarta ɗaya ce, da tsofaffi. Mabiyiya ta gida ce, uwar miji ke binne ta a gindin rumman da hannunta, ba ta yarda wani ya taɓa. Dole Sabohat ta koyi sulhu: ta ɗebi ɗan nata, ta naɗe sauran a farin ƙyalle ta mayar wa masu shi.

Wata rana da kaka aka kawo mata mabiyiyar wata matar aure, Dilrabo, wadda cikinta ya lalace karo na biyu. Ba a jima ba uwar mijin, Hola Zulayho, wato Gwaggo Zulayho, ta faɗo ɗakin ko sallama babu.

"Ke ce mai yanka kayan mutane? Ba ni abina."

"Zauna, Hola, ga shayi."

"Shayi ya kawo ni?"

Amma ta zauna, ta kuma sha, sai magana ta fito. Ita ta binne ta farkon a tsakiyar hunturu, ƙasa ta daskare, ramin bai yi zurfi ba, kare ya tone. Tun ranar take ganin ita ta jawo wa gidan wannan rashi, har ta kasa haɗa ido da surukarta.

Tausayi ya kama Sabohat sosai, sai dai ba ta iya daɗin baki ba. Ta jawo tsohuwar gaban madubi.

"Rufe ido ɗaya. A'a, ɗayan. Kin ga hanyoyin nan? Ta nan jini ke bi ya ciyar da ɗa. Dubi inda suka toshe. Jinin Dilrabo ne ke saurin daskarewa. Ko rijiya kika haƙa, haka za a yi."

"To, karen fa?"

"Ya sha tsinuwa a banza. Zan gaya wa likitarta, akwai allura, akwai awo a kan kari. Ban yi miki alkawari ba, sauran na Allah ne."

Da Dilrabo ta sake samun ciki, Hola Zulayho ta zama dogarin allura, har ma'aikatan awo suka riƙa ɓuya in sun hango ɗankwalinta.

Ran nan da hantsi sai ga ta a ƙofa, rungume da tukunyar dafa shinkafar pilau a rufe. Sabohat ta miƙe zumbur, don ba kasafai ake kawo mata mabiyiyar mai rai ba.

"Ungozoma ta ce ba sai an duba ba," in ji tsohuwar. "Na ce ba na binnewa sai ƙanwata likita ta gani."

"Hola, ɗan fa?"

"'Ya ce. Tana can ta cika asibiti da tsiwa, ban san wa ta gado ba."

"Ni na sani."

Sabohat ta sa safar hannu ta buɗe tukunyar. Ta juya mabiyiyar, ta latsa, ta bi cibiyar da yatsa. Jawur take, cike, ba tabo ko ɗaya. Daɗi ya cika ta.

"Lafiyayya ce. Je ki binne abinki."

Hola Zulayho ta zauna dirshan a ƙasa tana dariya, hawaye na zuba. Da ƙyar ta iya magana.

"Ƙanwata, uwar Dilrabo na tsaye a wurin, ta riga ta miƙa hannu ta karɓi jaririyar. Amma ni Dilrabo ta fara ba."