Hannun Kawu da Linzamin Kwamfuta

A ofis Tafireta ake ce wa kawuna, don tun zamanin wannan na'ura yake buga musu takardu. Da kwamfuta ta zo sa'o'insa suka yi ta gunaguni, shi kuwa ya zauna ya koya. Duk takardar gaggawa teburinsa ake kai ta, can lungu inda iskar fanka ba ta kaiwa.

Sai hannunsa na dama ya fara rawa. Bugu bai gagare shi ba, buɗe fayil ne ya zame masa jaraba. Kwamfutar sai an danna linzami sau biyu da sauri take buɗewa. Kawu ya danna na farko, kafin na biyu hannu ya goce. Wani lokaci ta ɗauka sunan fayil yake son canzawa, wani lokaci ya ja fayil ɗin ya jefa wata folda bai sani ba.

Bai gaya wa kowa ba, don akwai shi da shegen zurfin ciki. Ya koma riga masu shara zuwa, ya dafe hannun dama da na hagu, ya buɗe duk abin da zai buƙata ya bar shi a buɗe har a tashi.

Ranar da takardar wani babban taro ta yi ɓatan dabo, manaja ya tsaya a kansa a gaban kowa.

"Tafireta, tsufa ba laifi ba ne. Ka je gida ka huta."

Wallahi har yau in na tuna raina ɓaci yake. Ofishin yana da mai kula da kwamfutoci, ƙato da shi, kullum yana wucewa ta bayan kujerar Kawu da waya a kunne. Mutum ya ƙarar da ƙuruciyarsa a wurinku, amma a rasa mai tsayawa ya dubi hannunsa? Shi ma Kawun ban ƙyale shi ba, na ce masa bakinsa ciwo yake yi da ba zai faɗa ba?

Bayan ya daɗe a gida na kai masa kwamfutata ya ga hotunan jikokinsa. A nan na ga yadda yake kokawa da linzami, har gumi ya keto masa. Na karɓa na shiga saitin folda, na mayar da shi danna ɗaya. Bai ɗauke ni minti guda ba.

"Gwada yanzu, Kawu."

Ya danna, hoto ya buɗe. Ya rufe, ya sake dannawa, ya buɗe.

"'Yar nan, ta ofis ma tana da wannan?"

"Tana da shi, Kawu."

Ya janye hannunsa ya ɗora a cinya, ya daɗe yana kallonsa yana rawa.

"Da kin ce mini babu," in ji shi.