Jar Kuɓewar Inna

A shekarun da Libiya ta buɗe wa baƙar fata ƙofa, rediyo ba shi da zance sai Afirka, maigidana ya aiko aka ɗauko ni daga ƙauyenmu na ƙasar Tasawa zuwa Sabha. Shi magini ne, ya daɗe a can kafin ni. Muka zauna a unguwar Sukra, a gidan wata tsohuwar Balarabiya da ta raba tsakar gidanta biyu da gajeriyar katanga ta zuba 'yan haya.

Ranar da zan hau mota inna ta ƙulle mini irin kuɓewarta a bakin zane. Ja ce, gajeruwa, mai yauƙin da 'yar kaɗan take ɗaure tukunya guda. Daga kakata ta samo ta, kuma duk ƙauyen ba mai ita sai ita. Ban daɗe a Sabha ba aka aiko cewa inna ta rasu. Bayan na gama kukana na tambayi mai kawo saƙon ko matan yayyena sun adana irin. Ya ce an rufe ɗakin tsohuwar bayan sadakar arba'in, da aka buɗe gara ta gama da komai. Wato abin da ke ƙulle a zanena shi ne kaɗai ya rage.

Ni ba don sayarwa nake shuka ba. Zaman gida ne ya ishe ni, a garin da ban iya harshensa ba, maigida kuma tun asuba ya fita sai magariba. Na tone ɗan fili a jikin bango, shi ya roƙo mini taki a buhu daga wata gona a Ghuddwa, na zuba yakuwa da alayyafo, na jera tumatir a gwangwanayen madara. Kuɓewar ma na ɗiba kaɗan na shuka. A wajenmu lambu aikin sanyi ne, ana gama kaka ake sauka fadama, don haka ban tambayi kowa ba. Ashe sanyin Sabha ba irin namu ba ne, ruwa ne ke kwana a bokiti ya wayi gari da ƙanƙara a samansa. Wata safiya na fito na tarar da tsiraina sun yi baƙi sun kwanta. Tsohuwar mai gidan ta leƙo, ta yi dariya har da riƙe ciki, sannan ta nuna mini dabinon ƙofar gida. Da hannu da ɗan Larabcin da na tsinta na gane abin da take cewa: sai na ga maza sun fara hawa dabino suna ɗaura masa furen namiji, lokacin ne ake shuka.

A ɗaya gefen katangar akwai wata Bakanuwa da kowa ke kira Hajiya. Tuwo take yi tana kai wa leburori a inda suke taruwa jiran aiki. Haihuwar cikin birni ce, ba ta taɓa riƙe fartanya ba, amma baki kam Allah ya ba ta. Ni 'yar Nijar take ce mini, ko ƙanwata idan tana son aron turmi.

Da lokacin shukar ya yi na jiƙa irin a kwano, Hajiya ta leƙo ta katanga ta gani.

"Ƙanwata, wannan na mene ne?"

"Kuɓewar innata ce, Hajiya."

"To ki sam mini mana, ni ma in gwada. Leburorin nan sun ishe ni da ƙorafin miyar kuka."

A ƙauyenmu ba a hana iri, ba a kuma sayar da shi. Dalilin a fili yake: in naka ya mutu, wajen wanda ka ba za ka je ka karɓo, shi ma ba zai hana ka ba. Ban yi dogon tunani ba na raba biyu. Ni da kaina na tsallaka na shuka mata a inda take zubar da ruwan wanke-wanke, na gwada mata yadda za ta riƙa tsinka tun suna danyu, na gaya mata in aka bar 'ya'ya suka ƙosa a jiki uwar daina haihuwa take yi. Nawa rabin kuwa na shuka shi duka ban rage ko ƙwaya ba, tunda ga nata nan a bayan katanga.

Suka fito gwanin sha'awa, nawa da nata. Kullum da safe kafin in ɗora ruwan shayi sai na tsuguna na duba wace ta ƙara ganye. Har magana nake musu, maigida yana cewa Sabha ta fara taɓa mini kai.

Sai gibli ta taso, iskar kudu mai zafi kamar an buɗe bakin tanda. Gefena buɗe yake ta kudu, nata kuwa dogon bangon ɗakin tsohuwar Balarabiyar ya kare shi. Na rufa musu zannuwa, iska ta kwashe. Na yi ta jido ruwa ina zubawa, ƙasa na shanyewa kafin in juya. Da iskar ta lafa ko ɗaya ba ta tsira a nawa ba. Na Hajiya kuwa suna nan tsaye shar, har sun fara fure.

Raina ya ɓaci, amma hankalina bai tashi ba. Na bari sai da suka fara 'ya'ya, na shiga na same ta tana yanka su a faranti, jajaye, irin na inna sak. Na gaishe ta na zauna.

"Hajiya, kin ga abin da iska ta yi mini. Ki bar mini ƙwaya uku su bushe a jiki, in samu iri."

Ko ɗagowa ba ta yi ba. "Ba ke kika ce in aka bari uwar daina haihuwa take yi ba?"

"Gindi ɗaya kawai za ki bar mini."

"Gindi ɗaya miyar mutum nawa ce? Yanzu fa layi ake mini saboda miyar nan. Ki je kasuwa, akwai Bamisiren da ke sayar da iri a 'yar takarda."

"Wannan ba ta kasuwa ba ce. Ta innata ce, kuma ta rasu."

"Allah ya jiƙanta. Amma ke 'yar Nijar, kuɓewa ai kuɓewa ce. Sai ka ce gadon zinariya." Ta miƙo mini 'yan guda a tafin hannu. "Ungo ki yi wa mijinki miya."

Ban karɓa ba. Na tashi na fito. Na koma sau biyu bayan wannan, na aika maigida wajen mijinta, amsar ɗaya ce. Kullum ina jin ƙarar wuƙarta a kan faranti ta bayan katanga, tana yanka tana waƙa. Na tsane ta. Na tsane ta yadda ban taɓa tsanar wani mahaluki ba, na kuma yi alwashin sai ta ɗanɗana.

A wajenmu in mace ta zaɓi kuɓewar da za ta bari ta zama iri, tsumma take ɗaura mata. Shi ke nan ma'anarsa, ko ɗan yaye ya san ba a tsinkar mai tsumma. Amma na san Hajiya ba ta san wannan ba, na kuma san halinta. In tuwonta ya kwana, an yi mata baki. In kanta ya yi ciwo, an jefe ta. Tukwanenta ma rubutu take yayyafa musu kafin ta ɗora.

Na yayyaga tsohon baƙin wandon maigida da wani jan kallabi nawa. Na tsinto gashin kaza a bayan gida. Da azahar, lokacin da Sukra ke yin tsit kowa ya rufe ƙofa yana barcin rana, ita kuma ta tafi kai tuwo, na haura katangar. Ƙwaya uku nake bukata, amma ban bar gindi ko ɗaya ba. Kowace uwa sai da na zaɓi manyan 'ya'yanta na ƙulle musu baƙi da ja, na soka gashin kaza a ƙullin. Da na gama na ja baya na duba, ni kaina sai da tsigar jikina ta tashi.

Da la'asar na ji muryarta ƙasa-ƙasa ta katanga. "Ƙanwata, zo ki gani."

Na zo, na riƙe haɓa, na yi salati.

"Kin taɓa ganin irin wannan a ƙasarku?"

"Na gani, Hajiya. Wadda ta kwance shi hannunta ne ya shanye."

Ta zauna daɓas a kan turmi. "Yanzu yaya zan yi?"

"Kada ki taɓa, kada ki tsinki komai a jikinsu. Amma kada ki fasa ba su ruwa. In suka mutu da ƙullin a jiki, kan mai shukar abin yake komawa."

Haka Hajiya ta zama mai yi mini ban-ruwa. Safe da yamma tana tsaye daga nesa tana watsa musu ruwa da kwano, bakinta na motsi da addu'a. Miyarta ta koma kuka, layin ya watse. Ta ɗora zargi a kan wata 'yar Chadi da ke sayar da shinkafa kusa da ita, har suka yi cacar baki a gaban leburori. Ta daina waƙa, ta rame, idanunta suka faɗa. Kullum ta zo tana ba ni labarin mafarkin da ta yi, ni kuma ina girgiza kai ina cewa Allah ya kyauta. Daɗi nake ji, ba zan ɓoye ba. Tuwo ma ya fi shiga cikina a kwanakin nan. Maigida ya nemi wandonsa na aiki, na ce na yi tsumman goge-goge da shi. Ya dube ni, ya dubi katanga, ya sa wani wandon ya fita.

'Ya'yan suka yi tsawo, suka yi tauri, jansu ya fara dusashewa. Idan ba ta nan nakan haura in kaɗa ɗaya a kunnena. Iri ba ya nuna sai ya fara ƙara a cikin kwanso, su kuwa shiru tukuna, amma saura ƙiris.

Sai ga wani malami cikin matafiyan da ke yada zango a Sabha suna jiran motar arewacin Libiya. Hajiya ba ta yi shawara da ni ba, ta kai masa kukanta. Shi kuma ya ce a tuge su duka a ƙone.

Da hantsi ne, ina wanki, na ji warin fetur. A garin nan fetur ya fi ruwan sha araha, ba a tausayinsa. Kafin in miƙe hayaƙi ya turnuƙe ta bayan katanga. Ban san lokacin da na haura ba. Na tarar an tara su a tsakar gida a kan busassun ganyen dabino, wuta na ci, malamin na tofi, Hajiya da mijinta da tsohuwar mai gidan suna tsaye. Na ture malamin na cusa hannu cikin wutar na damƙo abin da na iya. Mijinta ya fizgo ni baya, zanena ya kama, tsohuwar ta kwara mini ruwan wanke-wanke.

Ina tsaye da 'yan kwansuna a hannu suna hayaƙi, fatar yatsuna ta saɓule. Hajiya ta dubi hannun, ta dubi fuskata, ta daɗe tana dubawa.

"Ke ce?"

"Ni ce. Uku na roƙe ki."

Daga ranar ba mu sake gaisawa ba. Mazanmu suka yi ƙoƙarin sulhu suka gaji. Hannuna ya warke da tabo, har yau yatsu biyu ba sa miƙewa sosai. Na fasa kwansunan, wasu ƙwayoyin farare ne a yamushe, wasu sun ɗan yi duhu, waɗannan na tsince na zuba a kwalba na toshe. Duk tsawon zafin nan da sanyin da ya biyo baya kwalbar tana ƙarƙashin katifata.

Da sanyi ya wuce na sake gyara filin. Wannan karon maigida ya kafa mini shinge na ganyen dabino ta kudu. Na jiƙa irin, na shuka, na rufe da hannuna mai tabon. Yakuwa ta fito, alayyafo ya fito, tumatir ya cika gwangwanaye. Layin kuɓewa kuwa ƙasa ce kawai. Nakan tona da ɗan tsinke in duba in mayar, in ce wataƙila ƙasar ce ba ta ɗumama ba.

Cikin haka aka ce su Hajiya za su tashi, mijinta ya samu aiki a Tarabulus. Ranar tafiyar sai ga Hajiya ta shigo gefena, karo na farko tun ranar wutar, da mayafinta da jakarta a hannu. Ta same ni tsugune ina zuba ruwa a layin. Ta tsaya a kaina.

"Ƙanwata, za mu wuce. Hanya ce mai nisa, rai kuma ba a hannunmu yake ba. Ni na yafe miki tsoron da kika ba ni. Ke ma ki yafe mini."

Na san abin da ya kamata in ce, kowa ya sani. Ba a barin matafiyi ya tafi da nauyi. Na ci gaba da zuba ruwana har kwanon ya ƙare, sannan na ɗago.

"Ki jira su fito, Hajiya."

Mijinta ya kira ta daga waje, ta juya ta fita. Motarsu ta tashi kafin la'asar. Na yi ta ba layin ruwa har zafi ya shigo sosai, maigida ya ɗauke kwanon ya ɓoye. Ko ɗaya ba ta fito ba.