Taku Ɗari da Ashirin

Birai ma sun iya lissafi, in ji Baba Awo. Shekara talatin da ɗaya yana gadin lambun lemo da bindigar nan da ake ɗura wa albarushi ta baki, kuma duk tsawon shekarun babu birin da ya yarda ya zauna kan dutsen bayan shinge, don sun san harsashinsa na kaiwa can. Taku ɗari da ashirin ne daga rumfar gadi zuwa dutsen. Bana kuwa sun dawo sun baje a kai, suna ɓare lemo suna kallonsa.

Ba a banza aka sa masa Awo ba. Da kansa yake narka dalma ya zuba harsashi, ya ɗora kowanne a ƙaramin sikeli. Wanda ya gaza ko da ƙwayar gero ya koma wuta. Albarushi sai da ma'aunin tagulla, a shafe bakinsa da yatsa. Bayan kowane harbi sai ya goge cikin bututun. Ko sandar ɗurin akwai zane a jikinta, inda ya kamata ta tsaya. Amma yau wata biyar ke nan, harbi ɗaya ya yi hagu, ɗaya ya faɗi a hanya, na uku Allah kaɗai ya san inda ya nufa.

Ranar Talata manajan lambun ya same shi a rumfa.

"Baba, ba raini ba ne, amma biran nan sun mai da kai kakansu. Mai lambu ya ce a kawo masu gadi da karnuka."

"Ɗakunan fa?"

Manaja ya sosa ƙeya. Ɗaki biyun da Baba ke ciki da matarsa da autarsu na mai gadi ne, duk wanda yake.

"Na roƙa maka abu ɗaya. Ranar Asabar zan jingina murfin duro a kan dutsen. Harbi uku. In biyu suka samu, zan san abin da zan faɗa masa."

Kwana biyu Baba yana fama. Ya ƙara albarushi, kafaɗarsa ta kumbura. Ya rage, harsashin ya gaji a hanya. Ya kai wa maƙeri ya duba saitin, maƙeri ya kanne ido ɗaya ya leƙa ya ce, "Bindiga lafiyarta ƙalau, sai dai a duba mai ita." Har tabarau ya aro. Dutsen ya fito tar, harsashin dai bai canza hali ba.

Da la'asar ɗin Alhamis ya shigo gida yana jan ƙafa, ya jingina bindigar bayan ƙofa. Matarsa na zaune bakin gado, hannuwanta a cinya. Tun da sanyin ƙashi ya murɗe mata yatsu ko allura ba ta iya riƙewa, amma kunnenta ko sauro ba ya wuce shi.

"Tsoho, muryar bindigarka ta canza."

"Ke ma kin shiga layin maƙeri?"

"Da can tas take cewa, kamar an mari mutum. Yanzu fuuf, kamar kai in kana hura shayi. Je ka tsinto mini ƙyallen da ya faɗo."

Ƙyallen shi ne ɗan tsumman da ake naɗe harsashi a ciki kafin a tura shi cikin bututu, don ya cika ramin dam. In an harba, yakan faɗo taku goma gaban mai harbi. Baba ya koma yana gunaguni, ya tsinto uku. Duk sun ƙone sun ƙanƙance kamar fatar da ta faɗa wuta.

Ta murza ɗaya da gefen babban yatsanta, ta shinshina.

"Auta! Da me kike yanka wa babanki ƙyalle?"

Autar ta leƙo daga kicin da ludayi a hannu. "Da tsohon labulen nan, Inna. Ai tsumma tsumma ne."

"Tsumma tsumma ne! Labulen roba? Allah ya shirye ki." Ta juyo kan mijin. "Kai kuma sarkin awo, shekara talatin kana buɗe gwangwanin ƙyalle kana ɗauka, ka taɓa tambayar daga ina suke fitowa? Rigar katifa ce, ta auduga zalla, mai kauri. In wanke sau biyu, in yanka daidai bakin murfin kwalba, in shafa kitse. Da hannuna ya ƙi, na ce yarinyar nan ta ci gaba, ban ce mata ga irin yadin ba. Laifin namu ne mu uku."

Baba ya zauna a kujera a hankali. Ya auna dalma, ya auna albarushi, ya auna taku. Abin da ke zuwa hannunsa a shirye kullum, shi ne bai taɓa aunawa ba.

Ranar Juma'a Auta ta zaga kasuwa layi-layi. Masu yadi suka ce an daina kawo irinsa tun tuni, yanzu duk da roba a ciki. Ta dawo hannu rabbana.

"To, ɗaga katifar nan," in ji uwar.

"Inna, wadda kuke kwana a kai?"

"Gara katifa mai rami a cikin ɗaki da lafiyayya a bakin titi. Yanko ta ƙasa. A'a, bi zaren, kada ki karkace."

Asabar da hantsi manaja ya jingina murfin ya dawo ya toshe kunnuwa. Baba ya ɗura. Da ya tura sandar sai ya ji ta tana tafiya da ƙyar, irin taurin da hannunsa ya manta. Ya ɗora bututun kan gungumen rumfa. Harbin farko ya ta da ƙura a saman dutsen; wata biyar yana ɗaga bakin bindigar don ya rama gazawa, hannun ya saba. Ya goge, ya auna, ya sake ɗurawa, bai kalli manaja ba. Ya sauke bakin kaɗan.

Ƙwang!

Na uku ma haka, har murfin ya gangaro. Birai suka watse cikin kurmi suna zage-zage.

"To," in ji manaja, yana kaɗe hayaƙi daga fuskarsa. "A kai ƙarshen shekara, mu gani."

Baba ya saɓa bindigarsa. Ya wanke bututun da ruwan zafi, ya shanya, ya shafa mai, sannan ya nufi gida. Ya miƙe a gado da rana tsaka, kafaɗar na zogi, audugar katifar ta tattaru gefe guda ta bar masa kwari daidai ƙugu.

"Na ji biyu," in ji matar. "Na farkon fa?"

"Hannuna ne."

"Na sa Auta ta gwada da murfin kwalba. Abin da ya rage a katifar zai ba ka kamar ɗari uku."

"Daga nan fa?"

"Daga nan sai matashin kai. Matsa, ka danne mini zane."